Gyaɗa Mai Fumfuna Da Magyaran Da Ke Cikin Jikinmu

Duk wanda ya san Fagge da Sabon Gari ya san cewa a nan ba a yar da abu sai ya ƙi gyaruwa sarai. Ga tela da kekensa yana jiran rigar da ta ɓarke, ga mai facin taya a bakin titi, ga mai ɗinkin takalmi, ga samarin Titin Beirut da ke buɗe cikin wayar hannu da ɗan tsinke su mayar da ita sabuwa. Mu mutane ne da muka san darajar gyara, muka kuma san cewa komai gwanintar magyari, in aka jibge masa aikin da ya fi ƙarfinsa, wata rana sai ya yi kuskure. Abin mamaki shi ne ba mu yi wa jikinmu irin wannan lissafi.

Maganar da na kawo wa masu karatun wannan mujalla ita ce, a cikin jikin kowane ɗayanmu akwai magyara da suka fi waɗancan duka ƙwazo. Ba sa barci, ba sa yajin aiki, ba su kuma taɓa neman lada ba. Amma ƙarfinsu yana da iyaka, mu kuwa a ƙasar Kano muna ɗora musu wani kaya wanda ba dole ne mu ɗora ba. Kayan nan ta baki yake shiga, cikin gyaɗa da masara masu fumfuna, sa'an nan ya tarar da hantar da wata cuta ta riga ta raunana. Ƙarshen al'amarin shi ne ciwon dajin hanta, wanda a Afirka ta Yamma ya kan kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, sa'ad da 'ya'yansa ba su kai ko'ina ba. Idan magidanci ya rame, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, sai ka ji ana raɗe-raɗin jifa ne, ko kuwa abokan hamayya a wurin aiki ne suka yi masa asiri. A iya ganina ya kamata mu da aka kashe wa kuɗi muka zo jami'a mu iya faɗin abin da ya fi wannan.

Bari in fara daga tushe, domin 'yan'uwanmu na sashen shari'a da na harsuna su tafi tare da mu. Jikin babban mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. In aka ɗebe jajayen ƙwayoyin jini, kusan kowace ɗaya tana ɗauke da wani dogon zare a tsakiyarta, wanda masana ke kira DNA, mu kuma sai mu ce zaren gado, tun da yake shi ne ɗa ke gada daga uwa da uba. Da za a warware na cikin ƙwaya ɗaya tak a miƙe shi, da ya kai kusan mita 2. A jikinsa akwai rubutu da haruffa 4 kacal, waɗanda aka laƙaba wa A, T, G da C, kuma abin da mutum ya gada daga kowane ɗaya cikin mahaifansa ya kai harafi miliyan 3,000. Wannan rubutu shi ne ke gaya wa ƙwayar halitta abin da za ta ƙera, da lokacin da za ta rabu gida biyu, da lokacin da za ta tsaya.

A shekarar 1953 James Watson da Francis Crick, bisa hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan, suka bayyana cewa zaren nan sili biyu ne aka tufka kamar igiya, kuma kullum A na wannan sili yana fuskantar T na wancan, G kuma yana fuskantar C. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin dukkan maganar gyara a kansa ta rataya. Kowane sili shaida ne a kan ɗan'uwansa. Idan harafi ya goge a ɗaya, sai a dubi na gabansa a san abin da ya kamata a mayar.

Da can masana sun ɗauka cewa abin da ke riƙe da irin wannan amana lalle ne ya zama mai ƙarko kamar dutse. Wani mutumin Suwidin mai suna Tomas Lindahl shi ya rushe wannan zato a farkon shekarun 1970. Ya nuna cewa ko babu guba, ko babu zafin rana, ɗumin jiki da ruwan jiki kaɗai sun isa su sa kowace ƙwayar halitta ta yi asarar haruffa kimanin 10,000 a yini guda. Sai ya ce wa kansa, in haka ne, tun da ga mu nan da rai, tilas akwai masu mayar da abin da ke zubewa. A 1974 ya gano ɗaya daga cikinsu. Su waɗannan magyara sunadarai ne da ake kira furotin, waɗanda ita ƙwayar da kanta take ƙerawa. Wanda Lindahl ya gano aikinsa shi ne bin zaren yana laluben harafin C da ya rikiɗe ya zama wani baƙon harafi. Da ya same shi sai ya tsame shi, wani ya zo ya yanke gurbin, wani ya dubi silin da ke gaba ya saka harafin gaskiya, na ƙarshe ya liƙe. Watau dai kamar tela ya farke zare ɗaya da ya karkace ya sake ɗinke wurin.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan girma. Hasken rana ya kan manne haruffa biyu maƙwabta, ko kuwa wata guba ta zo ta liƙe a jikin harafi, har zaren ya yi ƙusumbi a wurin. A nan masu sintiri ba sa karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya. Siffar zaren suke lura da ita, kamar yadda dillalin yadi a Kantin Kwari ya kan shafa turmin atamfa da hannu ya ji inda saƙa ta harɗe tun idonsa bai gani ba. Da sun ji ƙusumbin sai su kira 'yan'uwa, a buɗe tufkar, a yanka ta gaba a yanka ta baya, a cire ƙyalle mai harafi kusan 30, a sa faci sabo bisa shaidar ɗaya silin. Wanda ya bayyana yadda ake wannan yanka, tun a 1983, shi ne Aziz Sancar, wanda aka haifa a 1946 a wani ƙaramin gari mai suna Savur a kudu maso gabashin Turkiyya. Iyayensa ba su iya karatu da rubutu ba, shi kansa kuma sai da ya yi aikin likita a karkara kafin ya tafi Amurka. Na faɗi wannan ne domin waɗanda ke cewa binciken kimiyya sai 'ya'yan wane da wane.

Na uku shi ne kuskuren kwafi. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai an kwafe rubutun nan kakaf, kuma mai kwafin ya kan yi tuntuɓe kusan sau 1 cikin harafi 100,000. Shi da kansa ya kan waiwaya ya gyara mafi yawa, abin da ya kuɓuce masa kuma akwai masu biyo bayansa, kamar yadda malam ke duba allon almajiri bayan ya gama rubutu. Paul Modrich na Amurka ne ya warware yadda suke aiki. Bayan sun wuce, kuskuren da ke saura bai fi 1 cikin miliyan 1,000 ba. Su ukun nan, Lindahl da Sancar da Modrich, su aka bai wa kyautar Nobel ta kimiyyar haɗa sinadarai a 2015.

A bisa kan magyaran nan duka akwai wani shugaban aiki da ake kira p53, wanda aka gano a 1979. Idan ɓarna ta yi yawa, musamman in sili biyun suka tsinke gaba ɗaya, sai a buga masa ƙararrawa, shi kuma ya hana ƙwayar rabuwa har a gama gyara. In abin ya ƙi gyaruwa, sai ya umurce ta ta kashe kanta, domin gara a rasa ƙwaya ɗaya da a bar ta ta haifi miliyoyi masu gurɓataccen rubutu. Shi ciwon daji asalinsa ke nan, ƙwayar da ta daina jin umurnin tsayawa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka tarar cewa kusan rabin ciwon dajin 'yan Adam, in aka bincika, za a iske rubutun da ke ƙera p53 ne ya lalace.

To, ta hanya biyu wannan tsari ke faɗuwa. Akwai wanda aka haifa da raunin magyara. A 1968 James Cleaver ya nuna cewa wasu yara da ciwon dajin fata ke kamawa tun suna ƙanana, masu sa facin nan ne ba sa aiki a jikinsu. Akwai kuma wanda magyaransa lafiya lau suke, aiki ne ya fi ƙarfinsu. Misali a gabanmu yake, watau 'yan'uwanmu zabiya. Baƙin launin da ke tare wa fatarmu hasken rana su ba su da shi, don haka ɓarnar da ke isa ga zarensu a rana ɗaya ta Kano ta ninka tamu, kuma ciwon dajin fata yana yi musu mummunar illa. Ta farkon ba mu da iko a kanta sosai. Ta biyun kuwa, watau yawan kayan da ake ɗorawa, a hannunmu take, kuma a nan ne gyaɗa ta shigo.

Ba sai an gaya wa Bakano matsayin gyaɗa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya ɓarke, har ya zama shi ne ƙashin bayan arzikin Arewa. Dalar gyaɗa da aka san marigayi Alhassan Ɗantata da ita, wadda kowace ɗaya kan ɗauki buhu kimanin 15,000, a nan Ƙofar Mazugal da ke daf da Fagge aka jera wasu daga cikinsu, kuma cinikin nan da jirgin da ke kwasarta suna cikin abin da ya cika Sabon Gari da baƙi daga kudu. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta fi Nijeriya fitar da gyaɗa waje. A daidai wannan lokaci ne, a 1960, talotalo kimanin 100,000 suka mutu a gonakin Ingila ba a san dalili ba. Da aka bi sawu sai aka tarar abincin da aka ba su yana da tunkuzar gyaɗa daga Birazil, kuma wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ta zuba dafi a ciki. Dafin nan shi aka sa wa suna afalatoksin. Nan da nan hankalin Turawa ya tashi, domin gyaɗar da suke saye daga wajenmu ma tana iya ɗauka. Masu bincike a Samaru ta Zariya suka duƙufa a kan lamarin cikin shekarun 1960, suka nuna cewa jinkirta cirar gyaɗa, da raunata ta wajen cira, da rashin shanya ta da sauri, su ne ke bai wa fumfunar ƙofa. Daga baya aka ƙara fahimtar cewa fari a ƙarshen damina ma yana taimaka mata tun gyaɗar tana cikin ƙasa.

Yanzu ga yadda dafin ke haɗuwa da magyaranmu. Idan aka ci shi, hanta ce ke karɓarsa, domin aikinta ne tace guba. Cikin ƙoƙarinta na sarrafa shi a fitar, sai ta mayar da wani sashe nasa ya zama mai kaifi fiye da yadda ya shigo, shi kuma ya je ya manne a jikin harafin G. Masu sa faci su kan cire da yawa. Amma wani sashe ya kan sake siffa ya lafe cikin tufkar ba tare da ya yi ƙusumbi sosai ba, har masu sintiri su wuce ba su ji shi ba, ya daɗe a wurin. Ran da ƙwayar ta zo rabuwa, mai kwafi ya iso wurin ya kasa karanta harafin, sai ya yi cikon da bai dace ba, daga nan inda G take ya koma T har abada, domin yanzu sili biyun sun yi daidai da juna, babu sauran shaidar da za ta nuna an yi kuskure. A 1991 masana suka ba da rahoton wani abin tsoro daga Qidong ta ƙasar Sin da kuma kudancin Afirka: a cikin masu ciwon dajin hanta na wuraren da ake cin dafin nan, sau da yawa canjin ya kan faɗa ne a wuri ɗaya tak, a kalma ta 249 ta rubutun da ke ƙera p53. Watau ɓarawo ya shigo gida ya fara da ɗaure mai gadi. A Gambiya, wadda abincinta bai yi nisa da namu ba, an sami wannan tabo a jinin fiye da sulusin masu ciwon da aka bincika.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce ciwon hanta nau'in B. Wannan ƙwayar cuta ce ta bairus wadda a ƙasashenmu galibi tun ana jariri ko ana yaro ƙarami ake ɗaukarta, daga uwa wajen haihuwa, ko ta aska da reza da allurar da aka yi wa wani amfani da su. Wanda ya ɗauka yana jariri, mafi yawa ta kan zauna masa har tsufa, ba zazzaɓi ba ciwon kai, yana ta harkokinsa. A ciki kuwa hantar tana ta kumburi, ƙwayoyinta suna mutuwa, waɗanda suka rage suna ta rabuwa don cike gurbi, kowace rabuwa kuma dama ce ta mayar da tabo ya zama dawwamammen kuskure tun ba a gama gyara ba. Bugu da ƙari, ita cutar tana ƙera wani furotin nata da ke shiga tsakanin magyara da aikinsu. Wani bincike da aka bi maza fiye da 18,000 a birnin Shanghai, wanda aka buga a 1994, ya auna abin. Mai dafin fumfuna kaɗai a jikinsa, haɗarin kamuwarsa da dajin hanta ya ninka kusan sau 3. Mai ciwon hanta nau'in B kaɗai, kusan sau 7. Wanda ya haɗa biyun kuwa, kusan sau 60. A Nijeriya, binciken ƙasa baki ɗaya na 2018 ya nuna cewa kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da cutar. Ɗalibi ya dubi ɗakin lacca mai mutum 100 ya yi wa kansa lissafi.

Abin da ya fi ci mini rai a cikin tarihin nan shi ne, a zamanin dala akwai ma'aikatan duba amfanin gona da ke soke buhu su tantance gyaɗa kafin a ɗora ta a jirgi zuwa Legas, kuma mutuwar talotalon Ingila ta sa an ƙara tsananta dubawar. Fari na 1972 zuwa 1974 da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da noman, matatun mai na cikin gida suka shanye abin da ya rage, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Gyaɗa ba ta bar mu ba, fita waje ce ta ragu ƙwarai. Mu ne yanzu muke cinye ta: ƙuli-ƙuli, man ƙuli, kunun gyaɗa, yajin tsire, kilishi, miyar taushe, da soyayyiya ta cikin kwalba. Har gobe wanda zai kai gyaɗa Turai dole ya gwada ta, domin dokarsu ba ta yarda dafin ya wuce kashi 4 cikin miliyan 1,000 a wadda mutum zai ci ba. Wadda za a auna a kwano a kasuwar Sabon Gari ko ta 'Yankura fa? Hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ƙarfinta ya fi karkata ga abin da aka ƙunshe aka yi wa rajista, alhali abincin talaka a buɗe ake sayar da shi. Sa'an nan kowa ya san inda tsintacciyar gyaɗa take zuwa. In an tsince mai kyau domin mai kuɗi, motsattsiya da mai ɗaci da wadda ƙwaro ya huda ba zubarwa ake yi ba, sayarwa ake da araha, a niƙa. Kuma a cikin irin waɗannan 'yan tsirarun tsaba ne mafi yawan dafin ke taruwa. Wuta ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, in an matse mai kuma mafi yawansa a tunkuza yake zama. Ban ɗora laifi a kan matan da ke ƙuli a cikin gida suna ciyar da marayu ba. Abin da jarinsu ya kai suke saye, babu kuma wanda ya taɓa gaya musu.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce kakanninmu sun ci gyaɗa sun yi shekara 90. Gaskiya ne wasu sun yi, waɗanda ba su yi ba kuwa ba su nan balle su ba da labari, kuma tsakanin cin dafin da bayyanar ciwon akwai shekara 20 ko 30, wa zai tuna da ƙulin da ya ci yana firamare? Wani zai ce ajali ne. Babu Musulmin da ke musun ajali, amma ba mu taɓa jin an hana mutum ɗaure raƙuminsa don ya dogara ga Allah ba. Maganar da ta fi nauyi ita ce ta mai cewa, a wannan tsadar rayuwa, wa zai ce wa talaka ya zubar da abinci? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ban ce a daina cin gyaɗa ba, domin ita ce naman wanda ba shi da kuɗin nama. Amsarta ita ce a hana fumfunar kamawa tun farko, abin da kuwa ba shi da tsada kamar yadda ake zato.

A yankin Kindiya na ƙasar Gini an gwada haka a ƙauyuka 20, aka buga sakamakon a 2005. Abin da aka yi wa manoma bai wuce a koya musu tsince lalatacciya da hannu ba, da shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, da tabbatar da ta bushe sarai, da zubawa a buhun algarara maimakon na leda, da ɗora buhunan a kan katako, da ɗan maganin ƙwari a sito. Bayan wata 5, dafin da ke cikin jinin mutanen waɗannan ƙauyuka bai kai rabin na maƙwabtansu ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan kuma ta fito da Aflasafe, watau wani irin fumfunar da ba ta yin dafi, ana watsa ta a gona ta rigaye mai dafin kama wuri, tana rage shi da kashi 80 cikin 100 ko fiye. A Qidong ɗin nan da aka fara ganin tabon, da mutane suka sami damar barin masara mai fumfuna suka koma shinkafa a shekarun 1980, mutuwa daga dajin hanta ta ragu ƙwarai a tsakanin matasa. Ashe in aka sauke wa magyara kaya, su kan iya da sauran.

A nan nake juyowa ga 'yan'uwanmu da suka riga mu fita, waɗanda ke zaune a ma'aikatar gona da ta lafiya da sakatariyar ƙaramar hukumar Fagge. Akwai 'yar na'urar gwaji da ke nuna dafin nan cikin 'yan mintoci, ba sai an kai wani babban ɗakin bincike ba. Me zai hana duba-gari ya riƙa ɗaukar samfuri daga sito-sito a Sabon Gari da Singa, da kuma Dawanau inda hatsin ke sauka, a riƙa buga sakamakon kowa ya gani? Ba kame da tara nake nufi ba, domin wannan sai dai ya buɗe wata ƙofar cin hanci. Ina nufin a san inda matsalar take, a nuna wa mai sito yadda zai ɗaga buhu daga ƙasa, a kuma sama wa gurɓatacciyar gyaɗa mafita a manyan matatu, inda tacewa ke raba mai da dafin. Kada dai a ce a bai wa shanu tunkuzar, domin wani sashe nasa ya kan biyo madara ya dawo mana ta nono. Akwai ofishin cibiyar binciken adana amfanin gona a cikin Kano, akwai Samaru, akwai malaman jami'o'inmu. Ilmin yana nan, wanda zai ɗauko shi daga fayil ya kai kasuwa ake nema. Haka nan hayaƙin tsofaffin tayoyi da wasu ke babbake ganda da su, da na taba, suna ɗauke da wata guba mai manne wa harafin G kamar wancan, amma wannan magana ce ta wata rana.

Mu ɗalibai kuma namu ya fi kusa. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ta samu a duniya tun 1982. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, kuma cikin shekaru kaɗan dajin hanta ya ragu a tsakanin yaranta. Gambiya ta fara a 1986. A Nijeriya sai a 2004 allurar ta shiga cikin rigakafin yara sosai. Ma'anar wannan ita ce yawancin waɗanda suka girme mu ba a yi musu ba, mu kanmu kuma a bakin iyakar aka haife mu, wani ya samu wani bai samu ba. Ƙungiyarmu ta kan tara kuɗi domin makon al'adu da liyafar bankwana. Ina roƙon majalisar wakilan ɗalibai ta ware wani abu daga ciki, ta haɗa kai da asibitin jami'a, a riƙa gwajin nan lokacin rajista. Ɗigon jini ne daga yatsa. Wanda ba shi da ita a yi masa allura 3 cikin wata 6. Wanda yake da ita ya ga likita, domin akwai magungunan da ke danne ta, ya nisanci giya da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ya kuma fi kowa tsantseni da gyaɗa mai ɗaci. Amma da sharaɗi: sakamakon sirri ne tsakanin mutum da likita. Cutar ba ta bin kwanon abinci, ba ta bin musafaha, ba ta bin zama ɗaki ɗaya, kuma duk tsarin da zai sa a kori ɗalibi daga ɗakin kwana ko a hana shi aiki saboda ita, gara ma ba a fara shi ba.

Sauran abu ɗaya, shi ne ya fi wuya. Allurar da ta fi amfani ita ce wadda ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, domin ita ke tare cutar da zai ɗauka daga uwa. Kyauta ake yin ta a asibitocin gwamnati. Amma mata da yawa a unguwanninmu a gida suke haihuwa, kuma a al'adarmu jariri ba ya fita sai bayan suna, mai jego kuwa sai ta yi arba'in. Ba na jin za a canja wannan da jawabi a rediyo. Sai dai a haɗa ungozoma da mai unguwa da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, yadda duk haihuwar da aka yi da dare a Fagge ko Kwaciri ko Rijiyar Lemo, labari zai isa kafin hantsi, ma'aikaciyar lafiya ta ɗauko akwatin ƙanƙara ta yi sallama a ƙofar gidan.